Tukunyar Inna a Tarihin Sabo



Duk sa'ad da aka zauna ba da tarihin unguwar nan tamu ta Badun, sai ka ji an fara da sarakuna, a gangaro kan masu gidajen baƙi, a faɗi fataken goro da na shanu, a rufe da malamai. Daidai ne, ba mu ƙi ba. Amma duk wannan taron jama'a, wa ke dafa musu abinci? Rasuwar Inna a watan jiya ita ta sa muka ga ya kamata a taɓo wannan gefe tun kafin sauran tsofaffin su ƙare. Ba za mu kama sunanta ba, don tana da rai ma ba mu taɓa kamawa ba. Inna kowa ke ce mata, babba da yaro.

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya fara zirga-zirga har Kano a 1912. A 1916 aka ware wa Hausawa wannan fili kusa da Mokola. Daga nan harka ta buɗe: shanu su gangaro kudu, huhunan goro su hau arewa. Falke in ya zo, a gidan maigida yake sauka. Maigida ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa har mahauta su biya bashin shanun da suka ɗauka, wani lokaci sai an yi makonni. To duk tsawon zaman nan, daga cikin gida kwanon baƙo yake fitowa. Ga kuma gwauraye cike da unguwa, 'yan dako da masu ɗaurin huhu da 'yan ga-ruwa, ba mai murhu a cikinsu.

Cikin wannan hali aka kawo Inna amarya daga ƙasar Kano, a jirgin ƙasa, ana sauran 'yan shekaru a sami mulkin kai. Lokacin ɗarikar Tijjaniyya ta hannun Shehu Ibrahim Inyass ta kama Sabo sosai, an tsayar da Juma'a a cikin unguwa, kulle kuma ya ƙara ƙarfi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kulle zaman banza ne. Ina! Inna ta yi shekara da shekaru ba ta taka ƙofar zaure da rana ba, amma tuwonta ya san kowane lungu na Sabo.

Kafin kiran assalatu ta hura wuta. Gasarar da aka tace tun dare ita za ta zama koko, waken da aka jiƙa aka surfa ya zama ƙosai. Kafin a sallame sallar asuba mu yara mun jeru da farantai, kowa an ƙirga masa nasa, kuma ba ta rubutu amma ba a taɓa cin ta ko sisi ba. In ka dawo da ciniki sai ta zube kuɗin a faifai, ta dube su, ta dube ka. In ba su cika ba, kallon nan ya ishe ka. Da hantsi fura. Da azahar an ɗora babbar tukunya, ita da muciya, hayaƙi na cin ido, goyo a baya, wani na rarrafe gefen turmi. Tuwon shinkafa da na masara, miyar kuka ko ta kuɓewa, ba a gamawa sai bayan lisha. Gero da daddawa da kuka daga arewa fatake ke sauko mata da su. Itace da manja da ganyen naɗi kuwa matan Yarabawa ne ke kawowa har tsakar gida, kuma a nan ta koyi Yarabanci, irin na ciniki, wanda ba a yi wa mai shi wayo.

Ribar fa? Adashi da kwanuka. Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Har shi ya lura da yadda iyayenmu mata ke zuba ribarsu a kwanukan nan masu ruwan tagulla da ake kawowa daga Cekosulobakiya, a jera su bango guda. Maza suna yi musu dariya, wai dukiya a kwance. Mu da muka shiga kasuwa daga baya mun gane ba wauta ba ce. Kwano ba ya ruɓewa, ba a ranta shi da daɗin baki, shi ne kayan ɗakin 'ya mace, kuma ranar tsiya dillaliya za ta mai da shi kuɗi kafin la'asar.

Ranar kuwa ta zo. Mijinta dillalin goro ne, ya rasu ya bar ta da yara, babbansu bai isa riƙe gida ba. Dangi suka aiko ta tattara ta koma gida. Ta ce gida ai inda tukunyarta take. Da ta fita takaba ta sayar da jere guda na kwanukan, ta ƙara jari, ta zama uwar adashi. An canja fam da sule zuwa naira a 1973, wasu tsofaffi suka rikice da lissafi, ita cikin mako guda ta daidaita zubin kowa. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, kaya suka yi tashin gwauron zabo, sai ta rage girman malmala maimakon ta ƙara kuɗi, don ta san aljihun 'yan dako. Da wannan tukunya ta aurar da 'ya'ya mata, ta ba maza jari, ta je Makka.

A faɗi gaskiya, tallan nan ya ci karatun 'yan mata da yawa a Sabo, har da nata. Mu maza an bar mu mun yi Islamiyya, su kuwa faranti na kai. Inna ta san da haka. Shi ya sa da jikoki suka zo ta hana a ɗora wa ko ɗaya talla, ta ɗauki masu aiki tana biya, ita ke sayen littafi da takalmin makaranta. Yau cikin jikokin akwai malamar asibiti, akwai mai koyarwa.

Lokacin rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da mutane ke loda iyali a mota zuwa arewa, ba ta motsa ba. Da abin Shagamu ya faru a 1999, da na kasuwar Shasha a 2021, waɗanda suka gudo Sabo sun sami wuta a murhunta, ko da yake a na ƙarshen tana zaune ne a kan kujera, surukai na tuƙi, ita tana nuni da sanda, tana faɗan an cika ruwa.

Sa'o'inta da suka rage a unguwar nan ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiya, cikin masu tattara tarihin Sabo a sa mata biyu ko uku, su shiga ɗakunan tsofaffin nan su ɗauki maganarsu a waya, don akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba.

Da aka zo rabon gado, an tarar da sauran kwanuka a ƙarƙashin gadonta, naɗe cikin tsohon zane, kowanne ta riga ta faɗi jikar da za a ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙuri, amin.