Fayil Ɗaya, Masu Gida Biyu: Asalin Rigimar Izini Tsakanin Windows da Linux

Wanda ya ɗora Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ya ware musu ɓangaren faifai guda don ajiya, ya san wannan takaici: fayil ɗin da ya adana jiya, yau na'ura ta ce ba shi da izinin taɓa shi. Tushen rigimar ya girmi manhajojin biyu.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. A lokacin mutane da yawa ne ke rububin kwamfuta ɗaya, don haka tilas a san kayan wane ne wannan. Tsarin da aka tsaya a kai shi ne kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, sai sauran jama'a, kuma kowanne ana iya ba shi ikon karantawa, ko rubutawa, ko kunna fayil ɗin. Amma faifai bai san sunan kowa ba. Lamba kawai yake riƙewa. Wannan gado ne Linux ya ɗauka da Linus Torvalds ya fito da shi a 1991.

Microsoft kuwa ta wata hanya ya biyo. Tsarinsa na ajiyar fayil a faifai, wato FAT, wanda ya samo asali a 1977 ya kuma shiga duniya da MS-DOS a 1981, an yi shi ne don kwamfutar mutum ɗaya. Ana iya ɓoye fayil ko a hana gyara shi, amma babu gurbin rubuta mai shi. Da masu Linux suka so zama a kan irin wannan faifai, sai Jacques Gélinas ya yi dabarar UMSDOS, inda ake ɓoye bayanan izini cikin wani fayil na musamman a kowace folda. Dabarar ba ta ɗore ba. Abin da ya saura shi ne yaudarar kai: lokacin haɗa faifan, sai a gaya wa Linux ya ɗauka duk abin da ke ciki na mutum ɗaya ne.

A 1993 sabon tsarin faifai na NTFS ya zo tare da Windows NT, da jerin izini da ya fi na Unix zurfi. Sai dai shi ma da tasa doguwar lambar yake gane mutane, wadda Linux bai san da zamanta ba. Ko da Szabolcs Szakacsits ya fitar da NTFS-3G a 2006, wanda ya sauƙaƙa rubutu a kan NTFS, sai mutum ya zauna ya daidaita lambobin ɓangarorin biyu da hannunsa kafin izini ya yi aiki yadda ya kamata.

Abin dariyar, ko 'yan gida ɗaya, wato masu bin tsarin Unix, ba su tsira ba. A cikin nau'o'in Linux, Debian da Ubuntu suna bai wa mutum na farko lamba 1000, Fedora ta daɗe tana farawa daga 500 kafin ta sauya a 2011, macOS kuma 501 yake bayarwa. Mutum ɗaya, suna ɗaya, amma ya zama baƙo ga kayansa. A ganina wannan ya nuna izini ba kwaɗo ba ne. Umarni ne da manhajar da ke kan aiki ta ga damar bi, shi ya sa mai son sirri na gaske yake rufe faifansa da lambar sirri.

Ko da aka fito da tsarin faifai na exFAT a 2006 don filasha da katin memori, wanda Linux ya karɓa a 2019 bayan Microsoft ya wallafa bayanansa, ba a sa masa gurbin mai fayil ko kaɗan ba.