Atamfar Holan: kayan da aka ƙi a Java, aka so a nan

1/ Bara na saro mayafai ashirin don sayarwa a makaranta, duk kalar da NI nake so. Bakwai kawai suka fita. Haushin wannan asarar ne ya sa na zauna na karanta tarihin atamfar Holan. Ku biyo ni 🧵

2/ Asalin sana'ar daga tsibirin Java ne, a Indonesiya. Sunanta batik. Da hannu ake zana kakin zuma a jikin yadi, sai a tsoma a rini. Duk inda kakin ya rufe, rini ba ya kamawa. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi.

3/ Turawan Holan da ke mulkin mallaka a can suka ce, ai sai mu yi da inji mu karya farashi. A ƙarni na 19 masaƙun Haarlem da Helmond suka shiga harkar. Kamfanin da muka sani yau da Vlisco a Helmond aka kafa shi, a 1846.

4/ Sai dai kash! A aikin inji kakin yakan tsattsage, rini ya bi tsagar ya bar jijiyoyi da ɗige-ɗige. Mutanen Java sun san na gaske, suna gani suka ce wannan aibi ne. Ciniki ya ƙi.

5/ Wajen shekarun 1890 wani ɗan kasuwar Sikotilan, Ebenezer Brown Fleming, ya riƙa kai irin wannan yadi Gold Coast, wato Ghana ta yau. Can kuwa jijiyoyin nan su ne adon.

6/ Wannan karon fa sun saurara. Matan kasuwa ke faɗa wa dillalai kalar da ke tafiya da zanen da ya yi kwantai, saƙo ya kai Holan, a gyara. Su ne ma ke raɗa wa zane suna. A Lome, manyan dillalan atamfa mata sun yi arzikin da har aka kira su Nana Benz, saboda motocin Marsandi da suke hawa.

7/ Yau ka shiga Kantin Kwari lokacin haɗa lefe ka ji yadda ake tambayar Holan. Tsagar nan da aka ƙi, yanzu da gangan ake barinta.

8/ Ni dai wannan zangon, kafin na je sari sai da na bi ɗaki-ɗaki ina tambaya. Ashe baƙi da ruwan toka suke so, ni kuwa na cika akwati da ja. Masu ƙaramar sana'a, wane kaya ne ya taɓa yi muku kwantai?