Baƙo da Ɗan Gari: Daga Malam Kabara zuwa Dokokin Korar Baƙi

Unguwar Kabara, wadda ke daura da Gidan Rumfa a cikin birnin Kano, sunan wani gari mai nisa ta ɗauka. Kabara ta asali ita ce tashar jiragen ruwa ta birnin Tambutu, kusa da kogin Kwara. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne wani malami, Malam Umaru, ya taso daga can ya sauka Kano, aka ba shi wurin zama kusa da fada, sunan garinsu ya bi shi, ya kuma bi unguwar. Daga zuriyarsa Shehu Nasiru Kabara ya fito, jagoran ɗariƙar Ƙadiriyya, wanda ya rasu cikin 1996. Yau babu Bakanon da zai dubi gidan Kabara ya kira su baƙi.

Kabara ba ita kaɗai ba ce. Agadasawa, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, duk sunayen baƙi ne suka zama na unguwanni. A wancan zamani ba a tambayar baƙo takarda. Abin da ake tambaya shi ne gidan wa ya sauka. Fatomansa ko malaminsa shi ke tsaya masa, in ya ci bashi ko ya yi laifi mai masauki ake nema, mai unguwa kuma ya sanar da fada. Kada dai a ɗauka al'amarin duka alheri ne, domin Sarkin da ya ba da masauki yana iya cewa a bar masa ƙasarsa kafin wayewar gari, ba kuma inda za a kai ƙara. Amma baƙunta a lokacin abu ne mai ƙarewa. Mutum ya yi aure, ya haifu, ya binne nasa a garin, shi ke nan ya zama ɗan gari.

Turawan mulkin mallaka suka ja iyakoki, ƙasashe suka sami 'yancin kai, sai baƙunta ta koma abin da ake gado. Nijeriya ta kafa Dokar Shige da Fice cikin 1963, wadda ta ba Ministan Harkokin Cikin Gida ikon korar baƙo. Tsarin Mulki na 1979 kuwa ya ɗaura zama ɗan ƙasa a kan asalin iyaye ko kakanni, watau haihuwa a Kano kaɗai ba ta wadatar.

Hausawan Kurmi su suka fara ɗanɗana wannan sabon tsari. Cikin 1957, shekarar da Gana ta sami 'yanci, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ba da odar korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Musulmin Zangon Kumasi, masu goyon bayan 'yan hamayya. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan Gana ne. Shari'a ba ta ƙare ba Majalisa ta zauna ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka rufe bakin kotu, aka taso ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Shekara 12 bayan haka, ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izni kwana 14 ya fice. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa suka yi ta sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance, har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba.

Nijeriya ta yi kukan wannan kora, sa'an nan ita ma ta ɗauki sandar. Ran 24 ga Janairu 1980 jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Cadi bisa umurnin Minista Bello Maitama Yusuf. Hujjar gwamnatin NPN ita ce mahaifinsa mutumin Cadi ne. Babbar Kotun Maiduguri ta saurari shaidu, ta tabbatar mahaifiyarsa 'yar Barno ce, saboda haka shi ɗan ƙasa ne ba mai ikon korarsa, ta soke odar, ta kuma yanke a biya shi diyyar Naira 350,000. Bambancin wannan da na Kumasi ya cancanci ɗalibin tarihi ya tsaya a kansa. Zargin iri ɗaya ne, manufar kuma ɗaya, watau a kawar da abokin hamayya ta hanyar lalubo asalin ubansa. A Gana an hana alƙali ya ƙarasa magana, a Maiduguri an bar shi ya ƙarasa. Sai dai Shugaba babban mutum ne mai jam'iyya da lauyoyi. Mai ga-ruwa ko ɗan dako da aka jefa cikin mota ba shi da ko ɗaya.

A ƙarshen shekarar nan ne kuma Kano ta ga tarzomar Maitatsine. Muhammadu Marwa, mutumin Marwa ta Kamaru, an taɓa korarsa daga Kano cikin 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya sulalo ya dawo ya kafa sansani a 'Yan Awaki. Cikin Disamba 1980 aka gwabza, Hukumar Bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Galibin mabiyansa 'yan Nijeriya ne, gardawa daga ƙauyuka, amma da yake shi baƙo ne, kuma an sami 'yan Nijar da Cadi cikin waɗanda aka kama, sai laifin ya rataya a wuyan baƙi baki ɗaya. Kuɗin man fetur ya ja baya, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, zaɓe ya gabato. Ran 17 ga Janairu 1983 Minista Alhaji Ali Baba ya ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. An ƙiyasta kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana.

Ta fuskar doka gwamnati tana da abin kafa hujja. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar cikin 1979 ta yarda ɗan wata ƙasar ƙungiyar ya shigo ba tare da biza ba, amma na kwana 90 kawai, kuma da fasfo ko takardar tafiya mai inganci. Wanda ya wuce haka ba izni ya karya doka. To, amma ɗan cin rani daga Damagaram ko Maraɗi, wanda kakanninsa ke zuwa Kano kowace rani tun kafin a ja iyaka, yaushe ya san kwana 90? Shekaru ana ganinsa ba a tanka ba, domin ana bukatar ƙarfinsa. An sake kora cikin 1985, zamanin Janar Muhammadu Buhari, ga iyakoki a rufe tun 1984, ga fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin suna El-Buhari.

Dokar 1963 an maye gurbinta da ta 2015, ikon kora kuwa yana nan. Cikin Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu har zuwa wani lokaci. Kabara ta bakin kogi, inda Malam Umaru ya fito, a cikin Mali take.