Ketu da Masu Kaki: Daga Zamanin Glover Zuwa Kasuwar Mile 12

Kafin a san za a yi ƙasa mai suna Najeriya, Hausawa ne ke riƙe da bindigar hukuma a Ikko, wato Legas. A 1863, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe garin, John Glover ya tara wasu Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, ya sa musu kaki. Zuwa 1879 rundunar ta kai mutum 1,200. Daga nan sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa, kuma 'yan sandan da aka haɗe wuri guda a 1930 su ma suna da tushe a can.

Bature ya san abin da yake yi. Baƙo ya ɗora a kan ɗan gari, domin wanda ba ya jin harshenka, ba shi da suruki a unguwarku, ba zai ji nauyin ɗaga maka kulki ba. Tsoro aka nema, shi kuma aka samu. Turawa sun tafi a 1960, gadon ya zauna, mulkin soja ya ƙara masa ƙarfi. Da Kanar Buba Marwa ya zama gwamnan Legas a 1996, ya haɗa soja da ɗan sanda a mota ɗaya ƙarƙashin Operation Sweep. Fashi ya lafa, jama'a sun yaba, amma talaka ya saba ganin ana sa magidanci tsallen kwaɗo a bakin titi gaban 'ya'yansa.

Unguwar Ketu da ke Legas ta ɗanɗana kuɗarta a ƙarshen Nuwamban 1999. Gardama kan shugabancin kasuwar Mile 12, inda tirelolin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa ke saukewa, ta rikiɗe faɗa tsakanin 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC da 'yan kasuwa Hausawa. An kashe fiye da mutum 100. Waɗanda suka tsira sun daɗe suna cewa 'yan sanda ba su iso ba sai da aka gama ɓarna. Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin a harbe 'yan OPC duk inda aka gan su. A ganina nan aka yi asara biyu: Bahaushe ya tafi da cewa hukuma ba ta zuwa lokacin da ake kiranta, Bayarabe ya tafi da cewa idan ta zo da harsashi take zuwa. Maƙwabta biyu da ba su yarda da juna ba suka haɗu kan rashin yarda da mai kaki.

A Maris 2016 wuta ta sake tashi ta wajen unguwar Agiliti, daga saɓani kan wani ɗan acaɓa. Gwamna Ambode ya rufe kasuwar, aka sa dokar hana fita, soja da 'yan sanda suka cika tituna. Sun tsayar da zubar jini, wannan ba a musu. Sai dai abin da ya buɗe kasuwar bayan makonni zama ne da aka yi ta yi da shugabannin 'yan kasuwa da na unguwanni. Abin tambaya, me ya sa sai an yi jana'iza ake tuna akwai Sarkin Hausawa, akwai Baalen Yarabawa, akwai limami? Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, domin irin wannan zama, amma a wurare da yawa masu hannu da shuni ne ke kan kujerunsa, ɗan dako da mai turin baro ba su san ranar taro ba.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu a Satumba, ta zo da abubuwan da talaka zai gane: a faɗa wa wanda aka kama dalilin kamunsa, a sanar da danginsa, kada a kama ƙane a madadin yayansa. Wata guda bayan nan zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, aka ƙona ofisoshin 'yan sanda a Legas, aka ga nisan da ke tsakanin takarda da titi.

Tun Satumban 2022 haramcin acaɓa ya shafi ƙaramar hukumar Kosofe, inda Ketu take, kuma galibin masu wannan sana'a yaranmu ne 'yan Arewa. Doka doka ce, dattawan Arewa ma wajibi ne su faɗa wa sabon zuwa wannan tun ranar da ya sauka daga tirela. Amma jami'in da ya ƙwace babur ya ba da takarda mai sunansa da lambarsa. A samu mai jin Hausa a kantar caji ofis, kada yaro ya dangwala yatsa kan bayanin da bai san me ke ciki ba. Direban da ya kwana uku a hanya da kayan gwari kada a tsare shi a shinge har tumatir ya ruɓe saboda na goro. Shi kuma DPO ya riƙa shiga kasuwa a ranakun da babu rigima, ya zauna da shugabannin layin albasa da na doya, su karɓi lambarsa, ya kuma ɗauka idan sun kira da tsakar dare.