Maganin da Ya Ceci Rai, Ya Ƙona Ƙafa

Yau da tarihin wani magani na zo muku, kuma daga gidanmu zan faro.

Ina firamare a Dutse, wata gwaggona takan kwana zaune, ƙafafunta cikin kwanon ruwa. Sai ta ce tafin ƙafarta kamar ta taka garwashi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce sanyi. Sai da na shiga jami'a na san tana ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma zafin daga maganin da ke riƙe da ranta yake.

Sunansa stavudine. Amurka ta amince da shi a 1994. A 2001 kamfanonin Indiya suka karya farashi, suka haɗa shi da wasu magunguna 2 a ƙwaya ɗaya, kuɗin shekara ya sauko zuwa dala 350. Da irin wannan haɗin gwamnatin Obasanjo ta fara rabon magani a 2002. Wallahi ya tashi mutanen da aka fidda rai da su. Matsalar ita ce yana lalata jijiyoyi, yana farawa daga yatsun ƙafa ya yi sama.

To, sai masana suka shiga neman abin da zai kwantar da wannan raɗaɗi. A 1998 aka fitar da sakamakon gwajin amitriptyline a Amurka, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin pregabalin a kan mutum 302 masu ƙanjamau. Eh, pregabalin ɗin nan da wasu samarinmu suka mayar kayan maye. Shi ma bai fi ƙwayar bogin ba, alhali yana taimaka wa masu ciwon suga da ke fama da irin wannan zafi. A ganina wannan rashin nasarar ta yi rana, don ta nuna cewa ɗora ƙwaya a kan ƙwaya ba zai fisshe mu ba.

A ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe su fara janye stavudine. Yau haɗin da ke ɗauke da dolutegravir ake bayarwa a asibitocinmu.

Gwaggo tana nan da ranta, har ta ga jikoki. An canza mata magani tun tuni, amma jijiyar da ta lalace ba ta dawo daidai ba. Har gobe ba ta iya sa takalmi rufaffe, ko da hunturu.