Littafin Hira da Damuwar Ɗalibi: Waiwaye kan Tarihinsa a Yankin Dantchiao, Magariya da Dungas

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1916 wani marubuci Ba'amurke mai suna Samuel Crothers ya raɗa wa wata tsohuwar dabara suna, watau jiyya da littafi. Wajen 1950 kuma Caroline Shrodes ta fayyace yadda dabarar ke aiki, inda ta kasa ta mataki uku. Da farko mai karatu yakan ga kansa a jikin wanda ake ba da labarinsa. Daga nan sai ya sauke nauyin da ke zuciyarsa ta hanyar tausaya masa. A ƙarshe sai ya dubi nasa halin da sabon ido. Matakan nan uku duk sun dogara ne a kan sharaɗi guda: labarin ya zo wa yaro cikin harshen da yake kuka da shi, ya kuma taɓo wahalar da ya sani.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda sharaɗin nan ya cika, ko ya kasa cika, ga ɗaliban ƙaramar hukumar Dantchiao da maƙwabtanta na gundumomin Magariya da Dungas, a kudancin jahar Damagaram, daga zamanin mulkin mallaka zuwa yau.

2.0 Kafin Zuwan Littafi

Mutanen wannan yanki ba su jira masana ba kafin su gane cewa labari magani ne. Da dare, bayan an ci tuwo, tsofaffin mata kan tara yara su yi musu tatsuniya. Wanda duk ya nazarci tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wa makarantu a farkon shekarun 1970, zai lura da yawan marayu a cikinsu. Ga marainiyar da kishiyar uwa ke turawa rafi mai nisa, ga ƴar bora da ake fifita ƴar mowa a kanta, ga auta da yayyensa suka raina. Wannan yawa ba hatsari ba ne. A gidan da mutuwa da saki da kishi suke baƙin yau da kullum, tatsuniya ita ce hanyar da kaka ke faɗa wa jikarta cewa ta san halin da take ciki, ba tare da ta ambaci sunan kowa ba, balle a ce ta haɗa gida faɗa.

A makarantar allo ma haka abin yake. Almajirin da aka raba da iyayensa yana ɗan shekara bakwai, idan ya ji ƙissar Annabi Yusufu, wanda ƴan'uwansa suka jefa a rijiya, aka sayar da shi a baƙuwar ƙasa, daga baya Allah ya sada shi da mahaifinsa, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi.

3.0 Iyaka da Harshe

Tarihi ya haɗa wannan yanki da kudu. Sarautar Magariya daga gidan Daura ta fito, Dungas kuwa tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Waca da Mirya. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sa'an nan aka shata iyaka a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Iyakar ba ta hana auratayya da cin kasuwa ba, amma ta raba makarantu, ta kuma raba littattafai.

A ɓangaren Ingilishi, Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira a 1933. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Manufar hukumar ita ce a samar wa waɗanda suka iya boko abin karantawa, ba jiyyar zukata ba. Amma marubutan sun ɗebo daga rayuwar da suka sani. Jiki Magayi labari ne na budurwar da dukiya ta raba da masoyinta, da irin ɓarnar da ramuwa ke haifarwa. Shaihu Umar kuwa labarin yaro ne da ya tashi maraya, aka sace shi, aka kai shi ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa ta fita nemansa har ita ma ta faɗa bauta, ta ratsa Sahara, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta.

A ɓangaren Faransa kuwa doka ta tanadi cewa Faransanci kaɗai za a yi a aji, taron Barazabil na 1944 kuma ya ƙara jaddada haka. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa akan rataya masa wata alama ta kunyatarwa, ba zai rabu da ita ba sai ya kama wani. Littafin karatun da ya shahara, Mamadou et Bineta na André Davesne, ya yi ƙoƙarin kawo yara baƙar fata cikin darasi, sai dai an rubuta shi ne domin koyar da harshe. Ɗalibin da ke fafutukar gane kalma ba shi da sararin tausaya wa kowa. Saboda haka, lakwal ta zama wurin da yaro ke ajiye damuwarsa a bakin ƙofa tare da harshensa. Ko ita ɗin ma kaɗan ne suka samu, domin a 1960 yaran Nijar da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

4.0 Bayan Mulkin Kai

An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, taron Bamako na 1966 ya shimfiɗa ƙa'idojin rubuta harsunan ƙasa, jaridar Ganga kuma ta riƙa kai rubutun Hausa karkara. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. An kafa INDRAP a 1974, ta ɗauki nauyin shirya littattafan waɗannan makarantu. A 1980 masana suka taru a Yamai domin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya.

Wannan ci gaba ne babba, amma yana da giɓi biyu. Na farko, makarantun gwaji sun shekara da shekaru ba su wuce ƴan gommai ba a ƙasar baki ɗaya. Na biyu, ƙarfin ya tafi ne ga littattafan koyon baƙi da lissafi, na manya kuma ga noma da kiwon lafiya da ƙungiyoyin gama kai. An koya wa yaro karatu, ba a tanadar masa labarin da zai karanta ba.

Shekarun kuwa ba na sauƙi ba ne. Farin 1973 zuwa 1974 ya zo, noman gyaɗa da yankin Magariya ya dogara a kansa ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1970. Yunwar 1984 zuwa 1985 ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har talakawa suka sa mata suna El-Buhari. A 2005 aka sake shiga wani ƙuncin abinci. Kowace irin wannan shekara takan kwashe iyaye maza zuwa cin rani, ta rage yara a aji, ta gaggauta auren ƴan mata. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara, yawanci daga yankin Kance da ke maƙwabtaka da Magariya, suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya. Uwa da ɗa a tsakiyar Sahara ba tsohon labari ba ne ga ɗan wannan yanki.

5.0 Abin da Kasuwa Ta Cike

Giɓin da hukuma ta bari, kasuwa ce ta fara cike shi. Bayan So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, sai adabin kasuwar Kano ya ɓarke daga tsakiyar shekarun 1980. Littattafai irin su Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sun yi magana kai tsaye a kan auren dole da saki da wulaƙancin kishi. Kasuwa ba ta san iyaka ba, kuma daga Kano zuwa Magariya ta Ɓaɓura tafiyar ƴan sa'o'i ce a mota. Sai dai an rubuta littattafan ne domin matasa da manya, ba domin ɗan aji uku ba. Kamfanonin ɗab'i na Yamai irin su Albasa da Gashingo sun buga labarai cikin harsunan ƙasa daga shekarun 2000, amma buga littafi daban, isar da shi ajin zana a ƙauye daban.

6.0 Darussa ga Masu Tsara Yaƙi da Jahilci

Dokar ilmi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Shingen doka ya kau, saura aiki. Tarihin da aka bibiya yana nuni ga abubuwa huɗu.

Na farko, a lissafa littafin hira cikin kayan aji tun daga kasafi, kada a bar shi sai in kuɗi sun yi rara.

Na biyu, a tattara labaran daga bakin tsofaffin yankin, a kuma rubuta sababbi kan tafiyar uba cin rani, da almajiranci, da rasuwar uwa, cikin Hausar da yaran ke ji. Ya kamata wasu su fito da ajami, domin yara da yawa da allo suka fara sanin baƙi.

Na uku, a horar da malamai su koyi ladabin kaka. Malami ya karanta, ya tambayi yara abin da ya sami yarinyar cikin labari da abin da ya kamata ta yi, amma kada ya nuna marayan aji da yatsa. Kunya ce ke sa yaro ya fi sakewa idan ana maganar wani.

Na huɗu, a san iyakar littafi. Labari ba ya maganin yunwa, ba ya kuma hana a ɗaura aure. Yaron da damuwarsa ta yi tsanani yana bukatar iyaye da malaman addini da ma'aikatan lafiya.

7.0 Kammalawa

Tun daga 1934 akwai littattafan Hausa da suka san maraici da rabuwa, amma iyaka da manufar harshe suka tsare su daga yaran Dantchiao, bayan mulkin kai kuma aka fifita littafin koyon baƙi a kan na hira. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su shiga azuzuwan Magariya da Dungas, su ƙididdige littattafan hira nawa ne a hannun ɗalibai, da wane harshe aka rubuta su, da kuma irin labaran da yaran ke roƙon a maimaita musu.