Halayyar ɗan Adam: ilimin da ma'aikatan jin daɗin jama'a ke aiki da shi

A manyan gidajen likita, a kotun yara da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, akwai ma'aikacin da aka fi sani da sunan asistan sosiyal. Da yawa sun ɗauka aikinsa bai wuce cike takardar neman taimako ba. Alhali sana'a ce mai karatu, kuma gindin karatun shi ne tambaya guda: me ke sa mutum ya yi abin da yake yi? Amsar da wannan sana'a ta tsaya a kai ita ce ba a gane mutum sai an haɗa shi da inda yake zaune da waɗanda ke kewaye da shi. Ba'amurkiya Mary Richmond ce ta fara tsara wannan a littafinta na 1917, inda ta nemi a binciki gida, dangi, maƙwabta, makaranta da wurin aiki kafin a ce komai a kan mai neman taimako.

A ce an kama yaro ɗan shekara 12 ya ɗauki waya a kasuwar Maraɗi. Ɗan sanda zai tambayi abin da ya faru. Asistan sosiyal kuwa zai tambayi inda yaron ke kwana, wa ke ba shi abinci, yaushe rabonsa da uwarsa.

Shaƙuwar jariri da mai renonsa

Tambayar ƙarshen nan daga John Bowlby ta samo asali, wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila. A 1944 ya wallafa bincike kan yara 44 da aka kawo masa saboda sata. 17 daga cikinsu sun daɗe a rabe da uwayensu kafin su kai shekara biyar, yayin da a cikin wasu yara 44 da ba su yi sata ba, biyu kawai aka samu. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa jariri na buƙatar wani babba tsayayye da zai ruga wurinsa in ya tsorata, kamar yadda yake buƙatar nono. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta bi sawun wannan magana a ƙauyukan da ke kusa da Kampala, a Uganda, cikin 1954 da 1955. Ta lura cewa yaron da ya tabbata za a amsa kukansa shi ya fi sakin jiki ya rarrafa nesa ya yi wasa.

Sai dai Bowlby ya yi tunaninsa ne da gidan Bature a zuciya: uwa, uba, ƴaƴa biyu ko uku. Gidanmu ba haka yake ba. Akwai kaka, goggo, kishiyar uwa, ƴar reno mai goyo, ga kuma kunyar ɗan fari da ke hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane. Wanda ya haddace littafi bai san gari ba zai iya ganin wannan ya rubuta cewa uwar ba ta son ɗanta, kuma kuskure ne babba. Wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa a arewacin Najeriya ya nuna jariri na shaƙuwa da masu reno da dama a lokaci guda, kodayake yakan fifita ɗaya, sau da yawa wadda ta fi ɗaukarsa da hulɗa da shi, ko da ba ita ta haife shi ba. Don haka tambayar da ta dace a gidan Bahaushe ita ce: wa yaron ke gudu wurinta in ya ji tsoro, kuma tana nan har yanzu?

Da'irorin da ke kewaye da mutum

Ra'ayin da ya fi shiga aikin yau da kullum shi ne na Urie Bronfenbrenner, malami a jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya bayyana shi a 1979. Ya kwatanta rayuwar yaro da da'irori, wata cikin wata. Ta farko ita ce waɗanda yake gani ido da ido: gida, makaranta, abokan wasa. Ta biyu ita ce dangantakar waɗannan da junansu, misali ko uba ya taɓa zuwa ya gana da malamin ɗansa. Ta uku ta ƙunshi wuraren da yaron bai taɓa takawa ba amma suna taɓa shi: uba ya tafi cirani Libiya ko Abijan, aiki ya tsaya, aike ya yanke, tukunya ta canja. Ta huɗu ita ce al'ada, addini, doka da tattalin arzikin ƙasa. Daga baya ya ƙara lokaci, don yaron da ya tashi a shekarar yunwa irin ta 2005 ba daidai yake da ƙanensa da ya tashi a shekarar yalwa ba. Amfanin wannan tsari shi ne yana nuna inda za a sa hannu. Wani lokaci gyaran ba a jikin yaron yake ba, yana wajen sama wa uwarsa jari ko sasanta ta da dangin mijinta.

Sauran ra'ayoyin

Erik Erikson, a 1950, ya raba rayuwa gida takwas daga jaririntaka zuwa tsufa, kowane mataki da gwajinsa. Na samartaka shi ne neman sanin ko ni wane ne. Albert Bandura ya nuna a 1961 cewa yaran da suka kalli babba yana dukan wata ƴar tsana su ma sun dake ta, ba tare da an ce su yi ba. Abraham Maslow kuma a 1943 ya jera buƙatu daga ci da sha zuwa tsaro, ƙauna, mutunci da cikar buri. Dalar da ake zanawa da sunansa ba shi ya zana ta ba, kuma jerin nasa na da rauni: duk mun san magidancin da zai kwana da yunwa don kada ya roƙa a gaban surukansa.

Tun shekarun 1990 aka ƙara ba da ƙarfi ga wata hanya da Dennis Saleebey na jami'ar Kansas ya yaɗa, wadda ke cewa a fara da lissafin abin da mutum ke da shi kafin abin da ya rasa: sana'ar hannu, adashe, kawun da ake jin maganarsa. A yankinmu an riga an gwada makamancin haka. A asibitin Fann na Dakar, likitan ƙwaƙwalwa Bafaranshe Henri Collomb, wanda ya yi aiki a can har 1978, ya sa ana kwantar da mai taɓin hankali tare da wani ɗan uwansa, ana kuma taron tattaunawa irin na dandalin gari, inda majinyata da dangi da ma'aikata ke zama wuri guda kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.